Amsar tambayarki kan jar rigar auta

Ƙanwata, tun da na tura hoton auta sanye da jar rigar sanyin nan mai zanen barewa na san magana za ta biyo baya. Sai ga saƙonki: "Yaya, kun fara Kirsimeti ne? Da wane kuɗi kuma, ke da kullum kike kukan kuɗin haya?" Na so in amsa miki da murya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin minti biyu.

Rigar dai fam biyu na saye ta a shagon gwanjo. Akwai rana guda a Disamba da makarantun nan Ingila suke cewa yara su zo da irinta, kowa ya kawo fam ɗaya ko biyu a tara wa ƙungiyar Save the Children. Yaron da ya je da kayan makaranta ranar, shi kaɗai zai fita zakka a aji. Iyakar labarin rigar ke nan.

Maganar kyauta ce mai tsawo. Kirsimetin da kika sani a Zariya, irin ta maƙwabtanmu na Wusasa da Sabon Gari, ta ɗinki ce da shinkafa da kaza, a aiko mana da kwano, mu ma mu rama da Sallah. Ta Ingila ta kayan wasa ce a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Tun ba a gama Oktoba ba shaguna suke cika, talabijin ba ta da zance sai wannan. Ga sanyi, ga rana tana faɗuwa a Manchesta kafin ƙarfe huɗu na yamma, yara suna kulle a ɗaki hutun mako biyu, idonsu a kan talla.

Shekararmu ta farko ban sayi komai ba, na ce ina ruwan biri da gada. Da aka koma makaranta a Janairu, babban, lokacin yana ɗan shekara shida, ya dawo ya ƙi cin abinci. Ina cire masa takalmi ya ce, "Mama, ni ba yaron kirki ba ne?" Ashe a aji kowa ya faɗi abin da Fada Kirsimeti ya kawo masa, tsohon nan mai farin gemu da ake ce wa yara yana shigowa cikin dare ya ajiye wa masu halin kirki kyauta. Shi da aka zo kansa sai ya ce keke aka kawo masa. Ƙarya ya yi don ya tsira da mutuncinsa. Wannan tatsuniya ita ta fi ba ni haushi a duk al'adar, domin ɗan mai kuɗi ya tashi da tarin kaya, ɗan talaka ya tashi da safa ɗaya, kuma an riga an gaya musu hali aka duba. A daren na zaunar da shi na ce babu wani tsoho, iyaye ne suke saya da guminsu. Na kuma ja masa kunne kada ya je ya fasa wa 'yan ajinsu ƙwai.

Mutanenmu a nan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai gidajen da ko kati ba sa karɓa, suna cewa ba bikinmu ba ne, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yan'uwanmu Kirista, mutanen Jos da kudancin Kaduna, su nauyi biyu ne a kansu: ɗinki da girki irin na gida, ga kyauta irin ta nan, ga kuma 'yan gida suna jiran aike. Mu da yawancin ƙawayena muna tsakiya. Ba ma kafa bishiya, ba ma biki, amma ranar da aka rufe makaranta kowane yaro yana samun abu ɗaya, mu ce masa kyautar hutu ce saboda ya yi ƙoƙari. In an tambaye shi a Janairu yana da abin faɗa, kuma gaskiya zai faɗa.

To, da wane kuɗi? Kada ki riƙa juya fam zuwa naira kina cewa Yaya ta haye. Disamba ne watan da kuɗin gas da wuta suke cin rabonsu, don ba a kwana ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Mu da muka samu takardar zama ta dindindin muna karɓar tallafin yara na gwamnati, a 2025 kimanin fam 26 ne a mako na ɗan fari, 17 na kowane mai bi masa. Amma da yawa daga cikin sababbin zuwa, masu bizar karatu da masu aikin kula da tsofaffi, an rubuta musu ɓaro-ɓaro cewa ba su da haƙƙin taɓa kuɗin tallafi. Su suka fi jin jiki. Wasu ma neman aikin ranar 25 ga Disamba suke yi da gangan, don wurare da yawa suna ƙara kuɗin awa ranar.

Dabarar farko adashe ne, irin dai na gida. Mu goma ne, zubin fam 20 duk wata, mai kwasa ta tashi da 200. Kwasar Nuwamba a kan bar wa 'yan'uwanmu Kirista biyu da ke cikinmu, su kuma su bar mana ta gab da azumi. Ba a taɓa rubuta wannan ba, kara ce kawai.

Sai gwanjo. Kada ki yamutsa fuska, gwanjon nan ba abin kunya ba ne, Turawa masu motoci ma suna layi a shagunan Oxfam da British Heart Foundation. Ga manhajar gwanjo ta Vinted da kasuwar Facebook a waya. Bara na samo wa babban ɗana jakar Lego, ƙananan tubalan roban nan da yara suke harhaɗawa, fam huɗu. Bayan sun yi barci na juye ta a baho, na wanke da ruwan ɗumi da sabulun kwanuka, na shanya a kan tawul kusa da hita, na zauna ina tsince gashin kare daga ciki ɗaya bayan ɗaya. Na zuba a kwalin takalmi na naɗe. Har yau da ita yake wasa. Masu haƙuri kuma suna jiran 26 ga Disamba, ranar da shaguna suke karya farashi, su sayi na baɗi su ɓoye a saman kabad. Wanda abin ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, ƙungiyoyi irin su Salvation Army suna tara sababbin kayan wasa duk shekara su raba, sau da yawa ta hannun makaranta ko ma'aikatan jin daɗin jama'a. Mutanenmu suna jin nauyin zuwa, wai kada a gan su. Ni na taɓa raka wata, ba wanda ya tambaye ta addininta.

Abin da nake hana kowa shi ne bashi, don na ɗanɗana. Akwai kamfanonin da za su ce ɗauki yanzu, ki biya kaɗan-kaɗan, danna waya sau biyu an gama. A ƙarshen 2023 na ɗauko wa yaran kwamfutar hannu ta wannan hanya, na haɗa da takalma da wasu tarkace. Azumi ya kama a Maris ina kan biya, biya ɗaya ya kuɓuce mini aka ɗora tara, kuma gilashin kwamfutar ya riga ya fashe tun Janairu. Sallar shekarar da tsofaffin kaya auta ta je Idi. Abin ya tsaya mini a rai, don a gidana Sallah ce ya kamata ta fi komai armashi. In yaro ya ga Disamba ta fi Sallah daɗi, kada a tambayi kowa sai uwarsa. Tun daga nan na yanka wa kyautar hutu iyaka, fam 15 kowane yaro, sauran a tara wa ɗinki da balan-balan da goron Sallah.

Ga shi kuma azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, nan da 'yan shekaru a cikin Disamba za mu yi shi, hidima biyu a aljihu ɗaya. Shi ya sa nake so ki shiga kasuwa tun yanzu ki yanko mini shadda yadi biyar da atamfa turmi ɗaya, ki kai wa telanmu kafin layi ya yi tsawo. Akwai mai tahowa ƙarshen Janairu. Zan turo awon yaran gobe in Allah ya kai mu, auta ta yi tsawo ba kaɗan ba. Ki gaida Inna, ki ce mata rigar ta sanyi ce kawai.