Yadda cibiyar jinya ke shiga tsarin kula da tsofaffin sojojin Amurka

Malama, tambayarki ita ce yadda cibiyarku ta kwantar da masu lalurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye za ta fara karɓar tsofaffin sojoji a kan kuɗin VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka.

Kamfanoni biyu ke tantance cibiyoyi a tsarin CCN, wato tsarin da VA ke tura tsofaffin sojoji jinya a cibiyoyin da ba nata ba: Optum na riƙe da yankuna 1 zuwa 3, TriWest kuma 4 da 5. Ki duba inda jiharku ta faɗa. Ki tanadi lasisin jiha, lambar NPI ta cibiyar (lambar shaida ta ƙasa ta masu ba da kiwon lafiya), takardar inshora da shaidar CARF ko Joint Commission, hukumomin da ke tabbatar da ingancin cibiyoyin jinya.

Inda aka fi tafka asara shi ne ɗaukar shiga tsarin a matsayin izinin kwantar da kowa. Ko kusa. Kowane majinyaci sai VA ta turo shi da takardar amincewa mai fayyace irin jinyar da wa'adinta. In yana buƙatar ƙarin kwanaki, ku aika wa VA fom 10-10172 na neman ƙarin jinya tun wa'adin bai cika ba. Takardar neman biya kuwa kada ta wuce kwana 180 daga ranar da aka yi jinyar, kuma in an ƙi biya saboda sakacinku, ba ku da ikon bin sojan bashi.

Kafin ki sa hannu, lauya ya duba kwangilar da dokar sirrin masu jinyar shaye-shaye, 42 CFR Part 2.