Tambaya da Amsa: Zan shiga filin tsere karon farko, me zan fara gyarawa a motata?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na sayi motar gudu mai ƙofa biyu, ta hannu ce amma lafiyarta lau, kuma na yi rajistar irin ranar nan da ake buɗe filin tsere masu motocin gida su shiga su zaga. Abokaina sun dame ni wai in canza salansa in sa a ƙara wa injin ƙarfi ta kwamfuta kafin ranar. Da wanne zan fara?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya ka ƙyale injin nan tukuna, ƙarfin da kamfani ya ba shi ma ba iya cinye shi za ka yi a ranar farko ba. Salansa kuma ka bi a hankali, filaye da yawa suna da iyakar ƙara, aunawa suke, in taka ta wuce ba za su bar ka ka shiga ba.

Kuɗin nan ka kai su wajen birki. A titi sai jefi-jefi kake danne birki da ƙarfi, a fili kuwa kowace kwana daga babban gudu za ka danne shi, zagaye bayan zagaye, faifan birki bai huce ba ka sake, zafin ya yi ta taruwa har ya kai ga man birki. Shi kuma man birki in ya daɗe danshin iska yake sha. Sabon man birki samfurin DOT 4 sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tafasa, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idarsa 155 ce kawai. Da ya tafasa tururi ya shiga layi, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa kamar ka taka soso, mota kuma tana ta tafiyarta. Don haka kar bakanike ya ce maka ciko zai yi, a zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba sabo, a fitar da iska a ƙafa huɗun. DOT 5.1 ma ya yi, shi 260 ne, amma kar a ruɗe ka da DOT 5, wannan na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran. Takalman birki kuma in sun cinye sun kai rabi ka canza, kuma ka ɗan yi yawo da sababbin su zauna kafin ranar.

Taya, duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta, misali 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2021. Tsohuwar taya ko zanenta na nan robar ta bushe. Ka tafi da gejin iska naka, domin taya na ɗaukar zafi iskarta ta hau, kana fitowa daga fili ka auna ka rage in ta yi yawa, amma fa ka tuna ka mayar kafin ka hau titi. Notunan ƙafa a ɗaure su daidai awon da littafin motar ya faɗa, a sake dubawa in sun huce.

Baƙin mai ka cika shi zuwa layin sama na sandar awon mai kar ka zarce, saboda a doguwar kwana man gefe ɗaya yake kwarara, in ya yi ƙasa famfo iska zai ja. Ka leƙa ruwan lagireto da yoyo a ƙarƙashi. Cikin mota da but a kwashe komai, kafet da robar ruwa da caja, wallahi robar ruwa ɗaya ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo masifa. Hular kwano ka tambayi masu shirya taron irin wadda suke karɓa, inshora ma ka tambaya, yawancin na titi ba su biyan abin da ya faru a fili.

Na'urar hana santsi ka bar ta a kunne, ko wa ya zuga ka. In an ɗaga tutar kammalawa ka yi zagayen ƙarshe a hankali ba tare da yawan taka birki ba, kuma in ka faka kar ka ja birkin hannu, takalmi kan manne wa faifai mai zafi, ka sa ta a giya kawai ka buɗe bonet ta sha iska.