Masu Allon Talla Na Son Hayar Saman Shagona: In Karɓi Kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan masarufi a Kano, sari da ɗai-ɗai. Shagona yana kwanar wani babban titi kusa da shataletale, bene ne hawa ɗaya, ƙasa shago, sama sito, shekara 14 ke nan da na gina shi. Wani dillali ya kawo mini masu harkar allunan talla, suna son kafa allo mai ƙafa 20 a tsaye da 40 a kwance a saman rufin. Za su riƙa biyana naira miliyan ɗaya da rabi duk shekara, yarjejeniyar shekara 5, su ba ni kuɗin shekara biyu a dunƙule. Ina buƙatar kuɗin, don jarina ya ja baya. Sai dai maƙwabta sun kai ƙorafi wajen mai unguwa: iska za ta kayar musu da shi, fitilunsa za su hana su barci, kuma ba su san irin hotunan da za a liƙa ba. Ga shi ana ta maganar gwamnati na cire alluna. Masu allon sun ce kada in damu, su za su ji da takardu. In karɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa, ya mayar da jarin da ya ja baya. A yadda aka kawo maka maganar nan, kada ka sa hannu. Ba ina nufin hayar rufi mummunar sana'a ba ce, akwai masu cin halalinsu da ita. Abin da ya tsaya mini shi ne a wannan cinikin su suka ɗauki riba, kai kuma aka bar maka haɗarin gaba ɗaya, sannan aka rufe maka ido da miliyan uku.

Zan fara da abin da maƙwabtanka suka fara ambata, domin sun fi dillalin gaskiya. Allo mai ƙafa 20 da 40 tamkar katanga ce aka ɗaga sama aka tare wa iska hanya. Idan iskar farkon damina ta taso da gudun kilomita 100 a awa, irin wadda kan yaye kwanon makarantu ta karya turakun wuta, ƙarfin da za ta tura allon da shi ya kai kusan tan huɗu, wato nauyin buhun siminti 80. Kuma ba daga sama nauyin zai danno ba, irin wanda ginshiƙi ya saba ɗauka. Ta gefe zai zo, yana finciko ƙafafun allon ta fuska ɗaya yana danna su ta ɗaya fuskar. Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi. Benenka kuwa an gina shi ne don ya ɗauki katan-katan na taliya da buhunan sukari. Wanda ya ɗaure maka rodi shekara 14 da suka wuce bai yi lissafin allo ba.

Abin ya taɓa faruwa, kuma da muni. Ranar 13 ga Mayun 2024 guguwa ta kayar da wani ƙaton allo a unguwar Ghatkopar ta birnin Mumbai a Indiya, ya faɗa kan gidan mai inda mutane suka fake, rai 17 suka salwanta. Allon ƙafa 120 da 120 ne, alhali dokar birnin ba ta yarda a wuce 40 da 40 ba. Naka bai kai wannan ba, amma a kwanar shataletale ko falle ɗaya na ƙarfe ya fizgo ya isa ya hallaka ɗan A Daidaita Sahu da fasinjojinsa. A ranar, babu wanda zai nemi ofishin kamfanin. Shagon Alhaji za a nuna, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Saboda haka kafin komai, a kawo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, wanda kai ka zaɓa amma su za su biya, ya duba ginshiƙai da rufin kankaren, ya rubuta rahoto ya buga hatiminsa. Mai walda, komai ƙwarewarsa, ba shi ne zai ce gini zai ɗauka ba. Ka kuma dubi wayoyin wuta da ke gaban shagon. Allon ƙarfe kusa da babbar waya ajali ne ga yaran da za su riƙa hawa suna canja talla.

Sai maganar "mu za mu ji da takardu". Wannan kalma ta sha jefa 'yan kasuwa cikin asara. Izinin allo a Najeriya ba a hannu ɗaya yake ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Amma tun da Legas ta kafa hukumarta ta kula da alluna, LASAA, a 2006, jihohi suka yi ta bin sahu da nasu hukumomin, Abuja na da sashenta na kula da alluna mai suna DOAS, Kano ma yanzu tana da tata hukumar kula da alluna. Banda wannan, ɗora ƙarfe mai nauyi a kan bene sauya fasalin gini ne, wanda ya shafi hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Shi kansa abin da za a rubuta a allon, hukumar kula da tallace-tallace ta tarayya, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance shi kafin ya fita. Kamfani na iya riƙe da takarda ɗaya ya rasa biyu. Kada ka karɓi hoton takarda a waya. Ka karɓi kwafi, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin da aka ce ya bayar, ka tambaya ko izinin na wannan wurin ne, na wannan girman, kuma yaushe zai ƙare. Zuwa da kai ya fi aike.

Ka tambayi kanka ma, shin takardun ginin naka a cike suke? Allo yana jawo ido. Benen da shekara 14 babu wanda ya waiwaye shi, ranar da aka ɗora masa allo mai fitilu kowane ma'aikaci da ya bi titin sai ya ɗaga kai. In rumfar gabanka ta ci hanyar masu tafiya a ƙasa, ko hawa na sama ba ya cikin zanen da aka amince da shi, ka kira wa kanka jan fenti. Duk ɗan Kano ya ga rusau na 2023, ya san cewa abin da wata gwamnati ta bari, wata na iya zuwa ta ce bai halatta ba.

Ni kam ina ganin koken jama'a kan allunan nan yana kan hanya, ko da yake harkar kasuwa nake yi wa hidima. Ka tsaya a kowace babbar mahaɗa ka duba: allo a kan allo, fasta a jikin gada, ƙyalle ya tare danja, direba ba ya hango abin da ke fitowa daga kwana. Birnin da ke da ganuwa da ƙofofi masu ɗaruruwan shekaru bai kamata a lulluɓe fuskarsa haka ba. Kuma in jama'a suka gaji, hukuma kan yi yanka ne ba tare da zaɓe ba. Birnin Sawo Paulo na Barazil ya yi doka a 2006, ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan alluna kimanin 15,000, har allunan ƙofar shaguna aka ƙayyade musu girma gwargwadon faɗin shagon. Ba na cewa gobe za a yi haka a Kano. Ina cewa shekara 5 lokaci ne mai tsawo a harkar da doka ke iya juyawa cikin wata guda, don haka dole takarda ta fayyace: in hukuma ta sauke allon, ba za ka mayar da ko kwabo daga abin da ka karɓa ba, tara da kuɗin saukewa da gyaran rufi duk a wuyansu.

Yanzu kuɗin kansa. Miliyan ɗaya da rabi a shekara naira 125,000 ke nan a wata. Cire la'adar dillali, cire kuɗin lauya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, kai da ke sarin kaya ka fi ni sanin abin da miliyan ɗaya ke saya bara da abin da take saya bana. Su za su riƙa ƙara wa masu talla kuɗi duk shekara, kai kana nan a kan farashin ranar farko har shekara ta biyar. In za a yi, a yi shekara biyu, a sake zama. Sannan ka auna wannan 125,000 da abin da ke ƙarƙashin rufin. Huda kankare don ɗaure ƙafafun allo shi ne mafarin yoyo, kuma sitonka cike yake da sukari da fulawa da madara. Ruwan dare ɗaya zai iya cinye hayar shekara.

Batun hotuna kuwa, kada ka ɗauke shi ƙarami. Yau tallan taliya ne, gobe na caca, jibi hoton da ba za ka so iyalinka su gani a saman shagonka ba. Mafi haɗari ga ɗan kasuwa shi ne kakar zaɓe: a wayi gari da fuskar ɗan takara a kan benenka, rabin masu sayen kayanka su ɗauka ka shiga jam'iyya, 'yan jagaliyar ɗaya ɓangaren kuma su zo da duwatsu. A rubuta cewa babu tallan da zai hau sai ka gani ka yarda, a lissafa waɗanda ba za su hau ba ko kusa. A rubuta lokacin kashe fitilu da dare, da cewa wutarsu daban ce da mitarka. A haɗa da inshorar da za ta biya diyyar rai da dukiyar wasu, ka ga takardarta da idonka duk shekara.

Maƙwabtan nan, Alhaji, su ne masu sayen kayanka na kullum, su ne masu kiranka da tsakar dare in sun ji motsi a bayan shago. Addini ma ya hana a cutar da maƙwabci. Ka je wajen mai unguwa da kanka kafin a aiko kiranka, ka ce ba ka sa hannu ba, kuma ba za ka sa ba sai an zauna da su.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. Bangon benenka na gefen titi shi ma yana da daraja, kuma tallan da aka shafa da fenti ko aka manna a jikin bango ba ya tare iska, ba ya huda rufi. Kuɗinsa bai kai na allo ba, shi ma yana buƙatar izini, amma za ka yi barci in hadari ya haɗo. Kamfanonin da kake sarar kayansu ma kan yi wa manyan dilolinsu fenti da allon ƙofa, ka tuntuɓi wakilinsu, ka haɗa da neman su ƙara maka kaya bashi, tunda matsalarka ta asali jari ce.

Ka kira dillalin ka ce masa abu huɗu kake jira kafin a sake zama: rahoton injiniya, kwafin izini na wannan wurin, takardar inshora, da daftarin yarjejeniya da lauyanka zai karanta. Kada ka karɓi kafin alƙalami ko na naira dubu. In sun ce kuɗin yau ne kawai ko a kai wa wani, ka bar su su kai.