Amsa ga ɗana da ke karatu a Sin kan batun kyautar agogo

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka kai wa malaminka agogon bango kyauta sai fuskarsa ta canja, kuma a benen da kake haya daga hawa na 3 sai na 5, kana tambaya ko wani addini ne ya hana. Ba addini ba ne, al'ada ce da ta tsiro daga kunne.

A Sinancin Mandarin, "ba da agogo" ana cewa song zhong, kuma lafazin ɗaya ne sak da na raka mamaci zuwa makwancinsa. Ka ga kuwa dole dattijo ya ɓata rai. Na lamba 4 ya fi ban sha'awa. Huɗu si ce, mutuwa ma si ce, amma karin sautinsu ya bambanta: ta huɗu murya faɗowa take yi daga sama, ta mutuwa kuwa sai ta nutse ƙasa sannan ta ɗago. Karin sauti huɗu gare su. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka, tunda ba ka taɓa rikita itacen kuka da kukan jariri ba, alhali rubutunsu ɗaya.

To in karin ya bambanta, me ya kawo tsoron? Masana sun gwada yadda ƙwaƙwalwa ke jin karin sauti. Jack Gandour na Jami'ar Purdue a Amurka ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu saurare, ya ga cewa wanda ya tashi da harshe mai karin sauti, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, inda ake sarrafa harshe, yana shiga aikin sosai. Bature mai jin Ingilishi kaɗai ya fi jingina da ɓangaren dama, kamar mai jin waƙa. Wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna baƙi da wasali sukan riga karin sauti isa, domin sai murya ta ɗan yi tafiya a kan wasalin kafin a san hawa take ko sauka. A nawa ganin, a wannan ɗan taƙin ne mutuwa ke leƙo wa mai jin huɗu.

Haka lema take, da suke kira "san", ta yi kusa da kalmar rabuwa, don haka ba a ba masoyi. Takwas kuwa, da suke kira "ba", ta yi kama da kalmarsu "fa" ta arziki, shi ya sa aka buɗe gasar Olamfik ta Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare.

Mu dai ba ma camfi, kuma ban ce ka ɗauka ba. Amma kana gidan mutane ne. Ka koma wurin malamin da ganyen shayi mai kyau a jan ƙunshi, ka miƙa da hannu biyu, ka ce ba ka san al'adar ba. In ya ƙi karɓa da farko kada ka janye, kawaici ne, ka sake miƙawa. Gwaggonka tana gaishe ka.