Amsa kan kolum ɗin kuɗi da ya ƙi komawa lamba a PostgreSQL

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce a rumbun bayanan shagon hatsi da kake kula da shi a kasuwar Mile 12 ta Legas, kolum ɗin kudi nau'in text (rubutu) ne, ka so mayar da shi numeric (lamba), sai PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan, ya ce "cannot be cast automatically". Ba lalacewa ba ce. Ba ya juya rubutu zuwa lamba da kansa, sai ka nuna masa hanya da USING.

Amma kafin ka taɓa komai, yi pg_dump, wato ka ajiye kwafin rumbun bayanan. Sannan duba abin da yaran shago suka riƙa shigarwa:

SELECT id, kudi FROM ciniki WHERE kudi !~ '^[0-9]+(\.[0-9]+)?$';

Nan za ka ga N15,000, ka ga fanko, ka ga 15k. Layi ɗaya tak irin wannan ya isa ya tsayar da aikin gaba ɗaya. Na 15k ɗin ka gyara da hannu, don Allah, domin in ka share harafin kawai, naira dubu goma sha biyar ta koma naira 15, kuma babu kuskuren da zai fito ya faɗakar da kai. Haka ma lamba mai alamar ragi, gyara ta da hannu, domin umarnin da ke ƙasa zai share alamar.

Bayan nan:

BEGIN;
SET LOCAL lock_timeout = '5s';
ALTER TABLE ciniki ALTER COLUMN kudi DROP DEFAULT;
ALTER TABLE ciniki ALTER COLUMN kudi TYPE numeric(12,2) USING NULLIF(regexp_replace(kudi, '[^0-9.]', '', 'g'), '')::numeric;

Duba jimilla ka gwada da littafin shago. Ta yi daidai, COMMIT, ka tabbatar da canjin. Ba ta yi ba, ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. An cire DEFAULT (abin da kolum ke ɗauka in ba a shigar da komai ba) ne saboda USING ba ya shafarsa. Mayar da shi daga baya. In akwai view (ajiyayyen SELECT da ake karantawa kamar tebur) da ya dogara da kolum ɗin, sai ka sauke shi tukuna, ka sake gina shi.

Umarnin sauya TYPE ɗin yana sake rubuta teburin duka, yana kulle shi har karantawa ba za a yi ba, don haka bari sai an tashi kasuwa.

Kada ka zaɓi float (nau'in lamba mai ƙiyasi) a madadin numeric, kwabo zai riƙa zamewa a lissafi. Kolum ɗin lambar waya kuwa bar shi a text. In ya zama lamba, sifilin farko na 080 zai ɓace, kuma nau'in integer ba ya wuce 2,147,483,647, alhali lambar waya ta fi haka.