Kuɗin wuta a zaman tirela

Ɗan'uwa, ka ce za ka koma kwana a tirela, wato irin gidan nan da mota ke ja, a Texas don rage kuɗin haya, kana son sanin nawa wuta za ta riƙa ci maka a wata. Na yi irin wannan zaman, ga abin da na gani.

Fara tambayar masu filin da za ka ajiye tirelar. In kwana-kwana kake biya, yawanci wuta tana ciki. In wata-wata ne, mitarka daban.

Fitilu da cajin waya ba su taka kara sun karya ba. Esi ce mai cinye kuɗin. Ta kan rufi mai ƙarfin sanyaya BTU 13,500 tana jan wajen wat 1,500. In ta yi awa 8 kullum, yunit 12 ke nan a rana, 360 a wata. A kan santi 15 duk yunit, dala 54. Sai dai zafin Yuli a Texas ya fi ƙarfin awa 8, ga bangon tirela siriri. Da azahar in ka dafa shi, kamar ka taɓa murfin tukunya. Don Allah ka nemi gurbi mai inuwa, ka toshe tagogi da takardar azurfa mai mayar da rana.

Duba layinka kuma. Mai amp 30 wat 3,600 kawai yake ɗauka. Na sha kunna esi da butar lantarki alhali hitar ruwa na aiki, sai wuta ta ɗauke ɗif, in fita cikin rana in mayar. Hitar ruwan nan, mayar da ita kan gas.