Kububuwa da Dinoso: Wa Zai Yi Nasara?

Tambaya: Malam, ɗana ya matsa mini da tambaya: da kububuwa za ta kara da ƙaramin dinoso mai farauta (irin dabbobin zamanin da da suka ƙare a duniya), wa zai yi nasara? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, mu ɗauki Belosirafta, wanda ya rayu a Mongoliya shekaru kusan miliyan 75 da suka wuce. Girmansa bai wuce na babban talotalo ba, yana da gashin tsuntsu da lanƙwasasshen farce kamar lauje a kowace ƙafa. A ganina shi zai fara kashe ta, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya kayar. Amma idan ta riga ta sare shi, mai yiwuwa ne shi ma ya mutu daga baya, jini yana tsiyaya daga dasashinsa.